Sunan da Na Kasa Faɗa a Tagar Kati

Bari in rage wa mai karatu wahala tun daga farko. In yana neman wawan labarin nan, kada ya yi nisa, ni ne. Ba mijin 'yata ba. Shi mugu ne, mugunta kuwa daban take da wauta. Wawan shi ne Malam Bello, manomin shinkafa a wani ƙauye cikin fadamar Auyo, mai shekara saba'in da 'yan kai, mai ilimin aji huɗu na firamare da rabin zango na yaƙi da jahilci, wanda mutanen garinsu ke kira Sarkin Sulhu. Ba wanda ya naɗa ni. Ni na naɗa kaina, jama'a suka biyo da tafi. In kun ga rubutun ya karkace, iyakar ilimin ke nan. In kun ga ya yi zafi, wannan da gangan ne.

Mu asalinmu masu shanu ne, kakana ne ya zauna ya kama fartanya. Shanun sun ƙare, kunyar ce ta rage mana gado. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ƙare masa kallo, ba ya wasa da shi a gaban mutane, in an yi faɗa da shi ba ya shigar masa ko da shi ke da gaskiya. To ni ta farina mace ce, kuma na riƙe al'adar nan riƙon da ko kakan nawa bai yi mata ba. Shekara talatin ban taɓa furta sunanta ba. "Yarinyar nan," ko "waccan," ko in yi gyaran murya kawai. Uwarta Hansai ma haka. Har misali ake yi da mu a gari, ni kuwa ina ji ina gyara zaman hula.

Ta auri Tanimu, ɗan abokina Alhaji Garba, wanda gonarsa ke iyaka da tawa. Ba wanda ya tilasta ta, suna son juna aka ɗaura. Yaro mai injin ban-ruwa biyu da babur, in zai gaishe ni sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ni dai gwiwar nake kallo. Hannun ban taɓa tambayar aikinsa ba.

Sau uku ta yi yaji cikin shekara takwas. Karon farko da hantsi ta shigo, ina zaure ina gyaran ƙotar lauje. Ta wuce da hannu ɗaya a kan kunnen hagu. Na gani, ba zan yi ƙarya ba. Ta ma ɗan tsaya. Amma na mayar da idona kan lauje, tunda uba mai kunya ba ya bin 'yar fari da kallo, na aika wa uwarta cewa a mayar da ita kafin la'asar. Ko biko ban jira ba. Karo na biyu ta zo tana tafiya a karkace, tana dafe da gefen ƙirji. Aka ce sanyin damina ne, na yarda, don yardar ta fi sauƙi. Karo na uku Alhaji Garba ya aiko da goro da turmin atamfa na biko, na mayar masa da kayansa, na ce mu ba ma karɓar komai a kan 'yar fari, su zo su ɗauki matarsu. A masallaci aka yi ta cewa, "Kai, Malam Bello dattijo ne!" Kwana uku ina tsotsar daɗin maganar nan. Ita kuma tana can tana jin abin da take ji.

Karo na huɗu ba da ƙafarta ta zo ba.

Damina ce, kogi ya cika ya shanye hanyar da ke tsakanin unguwarsu da tamu. Da safe wata maƙwabciyarta ta sako ta a kwalekwale tare da 'ya'yanta mata biyu, aka sauke su a bakin ruwa. Baki a karkace, yawu da jini na zuba, fuska ta kumbura har idon dama ya rufe. Kafin azahar saƙon gidan mijin ya iso: wai santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya.

Mako na farko, ga abin da Sarkin Sulhu ya yi da hikimarsa: na hana a kai ta asibiti. Na ce in aka je Haɗeja magana za ta fita, a ce na tona wa ɗan abokina asiri saboda 'yata. Aka yi ta gasa wurin da ruwan zafi ana shafa man shanu. Mata suka cika gidan, kowace da asibitinta a baki. Wannan ta ce a jiƙa bagaruwa ta riƙa kurkurewa. Waccan ta ce shafar iska ce, don bakin rijiya ba wurin zuwa ba ne da sassafe. Ba wadda ta ce Tanimu, alhali duk sun sani. Rana ta uku zazzaɓi ya rufe ta, ko ruwa ba ya wucewa. Na aika aka ɗauko mai ɗori, wani tsoho daga wajen Kaugama wanda ya ɗora rabin ƙafafun ƙasar nan. Ya shiga ɗakin, bai jima ba ya fito yana goge hannu a riga.

"Malam Bello, ni hannu da ƙafa nake ɗorawa, ba muƙamuƙi ba. Ku tafi asibiti yau, ba gobe ba."

"Ai faɗuwa ce kawai ta yi..."

"Rijiyar nan taku tana da yatsu ne?" in ji shi. "Don na ga sawun guda huɗu a wuyanta."

Ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Allah ya saka masa da alheri, shi ne mutum na farko da ya gaya mini gaskiya, kuma na ji haushinsa har muka hau kwalekwale.

Daga ruwa zuwa babur, daga babur zuwa mota. Hansai ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali tana tallafe da ita, duk ramin da mota ta faɗa sai mu ji nishi ta hanci. Muka isa asibiti, layin yankar kati ya kai bakin ƙofa. Muka zaunar da ita a benci, ni da uwarta muka bi layi har muka kai taga. Wata mata ce a ciki, mai tabarau.

"Sunan mara lafiya?"

Na kalli Hansai. Hansai ta kalli ƙasa.

"Baba, sunanta nake tambaya."

"'Yar wajena ce," na ce. "Ta fari."

"Ban tambaye ka ta nawa ba ce. Suna."

Wani daga bayana ya ce, "Tsoho, in ka manta ka koma gida ka tambayo, mu ma da marasa lafiya muka zo." Wallahi sunan yana kan harshena, shekara talatin yana zaune a wurin, amma ya ƙi sauka. Ina tsaye ina zufa, ina tunanin abin da mutane za su ce. Waɗanne mutane? Ba wanda ya san ni a wurin! Sai ga ta ta taso daga benci tana bin bango, ta miƙa hannu ta karɓi biron matar, ta rubuta da kanta, harafi ɗaya bayan ɗaya: RAMATU. Matar ta dube ta, ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙo katin. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kun ga ni ma yanzu na rubuta shi. Biro ba shi da kunya, shi ya sa na zaɓe shi.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar mace ce, ba za ta girmi Ramatu da yawa ba. Ta kira ni ofishinta.

"Kai ne mahaifinta?"

"Haka dai ake cewa."

"Baba, ba abin da ake cewa na tambaye ka ba."

Ta ɗaga hoton ta saitin taga tana nuna mini da bakin biro. "Muƙamuƙi ya karye wuri biyu, wannan na kwanakin nan ne. Waɗannan kuma haƙarƙari ne guda uku, sun karye sun haɗe da kansu, an yi shekaru. Kunnen hagu na duba, dodonsa ya fashe tuntuni, ya yi ta ruwa ba a kula ba, yanzu ba ta ji da shi. Mutane suna iya cewa faɗuwa ce. Ƙashi ba ya rufa wa kowa asiri."

Ni da ko karatun jarida sai na haɗa da yatsa, ranar na karanta hoton ƙashi tsaf. Kunne, ranar lauje ce. Haƙarƙari, sanyin damina ne. Duk inda biron likita ya taɓa, da sa hannuna a wurin.

Mako na biyu jira ne. Likitan muƙamuƙi sau ɗaya yake zuwa a mako, kuma ya zo ya tafi kwana ɗaya kafin isowarmu, wato lokacin da muke can muna shafa man shanu bisa umarnina. Kwana shida tana kwance ana ƙarin ruwa da allurai. Mu masu jinya ƙarƙashin wata bishiyar maina muke yini. A aike ka wannan taga, a ce sai waccan, ka je waccan a ce mai makullin ya fita salla. Auduga saya, safar hannu saya, ragon da na ajiye don layya a nan ya narke. Amma akwai wata nas, baƙa doguwa, wadda kullum da safe sai ta zauna ta wanke wa Ramatu baki da sirinji a hankali, tana yi mata hira kamar ƙanwarta, tana kiran sunanta ba ko gargada. Ina daga bakin ƙofa ina ji, kamar ɓarawon da ya leƙo gidansa.

A makon ne Yaya Dudu ta iso daga Malam Madori. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta haura tamanin, da sanda take tafiya, kuma ita ta riƙe Ramatu tun yaye har ta kai shekara goma, kamar yadda ake yi da 'yar fari. Ta shiga ta daɗe, ta fito ta zauna kusa da ni a gindin mainar.

"Au, Bello, ashe kana da rai?"

"Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"A'a, na ɗauka marainiya na mayar muku. Don mai uba ba a yi mata haka sau huɗu."

Da likitan ya zo, ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, ya ce mako shida baki ba zai buɗu ba. Ya ba da wani ɗan almakashi, ya ce a rataya mata a wuya, in amai ya taso a yanke wayar nan take, in ba haka ba zai shaƙe ta. Abinci kuwa sai tataccen kunu da madara da romon kifi, ta siririn bututun roba irin na shan lemo. Ta ina bututun zai shiga tunda haƙora a rufe suke? Ta gurbin haƙorin da Tanimu ya fitar. Likita ya ce an yi sa'a da akwai gurbin. Ku ji fa, sa'a!

Magana ba hali, sai Yaya Dudu ta sa aka sayo mata littafin rubutu na 'yan makaranta. Ruwa, ciwo, ina yara, duk a rubuce.

Mako na uku sai ga Alhaji Garba da ɗansa. Kun san me suka riƙo? Gasasshiyar kaza. Ga wadda aka ɗaure wa baki da waya! Tanimu ya zube a gabana, gwiwar nan tasa mai ladabi ta taɓa ƙasa.

"Malam Bello," in ji Alhaji Garba, "sharrin shaiɗan ne. Yaro ya yi nadama, kwana biyu ko abinci ba ya ci. In an sallame ta ɗakinta ya fi mata, mu za mu ƙarasa jinyar. Ni da kai ba a jin kanmu."

Ni kuma, Allah ya gani, bakina ya kama tsohon aikinsa tun kafin kaina ya iso. "To, Alhaji, ai ni a kan yarinyar nan ba ni da ta cewa..."

Sai muka ji ƙara daga ɗakin mata, kwano ya faɗi, ana kiran nas. Gadonta kusa da taga yake, ashe da kunnen dama ta ji gaisuwar Tanimu da duk abin da muke faɗa. Na shiga da gudu, karon farko ke nan da na shiga ɗakin har ciki. Ta fizge robar ƙarin ruwa, jini na bin hannunta, ta cusa kanta tsakanin gado da bango, mace mai 'ya'ya biyu, tana son yin ihu waya ta hana. Na durƙusa a gabanta. Ba lauje, ba wurin da zan kai idona, dole na dube ta. Ashe tana da ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin ido, daidai inda na mahaifiyata yake. Shekara talatin, ranar na sani.

Ta lalubo littafin, ta rubuta, ta tura mini a ƙirji. Na haɗa da yatsa na karanta: IN ZA KA MAYAR DA NI KA HAƊA DA LIKKAFANI.

Na fito. Yaya Dudu ta riga ni, tana tsaye a kan Tanimu da sanda a ɗage, kaza tana ƙasa cikin rairayi.

"Alhaji," na ce, "ɗauki kazarka. Wadda kuka kawo wa ba ta da bakin ci, ɗanka ya san dalili. Biko ya ƙare. Mu haɗu a gaban alƙali."

"A kan 'yar fari, Malam Bello? Ina kunyar taka?"

"Tana ɗakin hoton ƙashi. Je ka ce a nuna maka."

Kada wani ya tafa mini. Magana ce da ta makara da shekara takwas.

Aka sallame mu, muka koma gida da waya a baki da almakashi a wuya. Mako shida suka cika aka kwance. Ni a lissafina na ɗan aji huɗu, an kwance waya, an gama ciwo. Ashe nan aka fara. Baki ya buɗu, magana ta ƙi fitowa. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta bar abin da take yi ta shige bayan rumbu. In aka tayar da injin ban-ruwa a fadama sai zufa ta karyo mata. Wata rana ƙaninta ya ɗaga hannu zai kori ƙuda, ta kare kai da hannu biyu ta durƙushe. Shinkafa in ta ɗan yi ruwa sai ta tsaya a kan tukunya tana ta ba da haƙuri, alhali ba wanda ya ce komai. A nan na gane irin laifin da ake karya haƙarƙari a kansa.

Masu asibiti a baki suka dawo. A yi hayaƙi, iska ce. A'a, zaman gida ne ya ishe ta, a mayar da ita ko don 'ya'ya. Wata har cewa ta yi kowace mace da haka take zaune. Yaya Dudu ta ce, "To ke zauna, Allah ya ƙara miki. Tawa ta tashi."

Shari'a ta ci zama huɗu. Takardar likita ce ta yi magana, alƙali ya raba auren, yara suka zauna wajen uwarsu. Tanimu an ci shi tara, ya biya, yana nan yana yawo a kan baburinsa da haƙoransa cif, har na ji an ba shi wata matar. Wanda ya ba shi ya san komai. Da rani Alhaji Garba ya toshe hanyar ruwan da ke bi ta gonarsa zuwa tawa, shinkafata ta bushe a tsaye. A masallaci waɗanda suka ce mini dattijo suka koma cewa tsufa ya taɓa ni. Mutanen da na sayar da kunnen 'yata don in ji yabonsu ke nan.

Likitar ta haɗa Ramatu da wata ma'aikaciya a asibitin, wadda ba allura ba ƙwaya, magana kawai, sau ɗaya a wata. Na yi ta gunaguni: a hau ruwa, a hau babur, a hau mota, don a je a yi hira? Hira ba ga ta nan kyauta a gidan suna ba? Wannan ma ban ci ba. Wajen wata na biyar ta fara cin abinci a tsakar gida. Wajen na takwas na ji ta yi dariya sau ɗaya, 'yar ƙaramarta ta sa takalmina tana kwaikwayon tafiyata. Akwai kuma watan da ta koma baya gaba ɗaya, don ta hango Tanimu a kasuwa, kwana goma ba ta fito ba. Haka abin yake, gaba kaɗan, baya kaɗan. Yanzu shekara biyu. Ta shiga cikin mata masu turara shinkafa shanshera suna kai wa inji, tana da rabin duro nata na kanta. Gefe ɗaya take tauna, rake da ƙashi ta bar su har abada, in sanyi ya sauko muƙamuƙin yana tuna mata. Kunnen kuwa ya tafi.

Saboda haka, iyaye irina masu ji da kunya kamar gonar gado: in 'yarku ta shigo da hannu a kunne, ku ajiye lauje. Ku duba. Ku tambaya. Ku kai asibiti ranar, ba bayan man shanu ba. Masu yabon nan ko auduga ba za su saya muku ba.

Bana da kaka na yanke shawarar zan kira sunanta da bakina. Mako guda ina gwaji a gona, ina faɗa wa shinkafa, ina faɗa wa tsuntsaye, har ya saba da harshena. Ranar na sa riga mai kyau. Na shigo da la'asar, tana tsugune tana iza wuta a ƙarƙashin duro, Yaya Dudu na kan tabarma tana tsintar wake. Na tsaya a gefenta, na gyara hula, na ce, "Ramatu."

Ba ta juyo ba.

Na jira. Ina tsammanin kuka, ko ta zube ta ce Baffa yau ni ka kira. Shiru, sai ƙarar wuta. Raina ya ɓaci, tsohuwar sarautar ta motsa.

"Yaya, kin gani ko? Na ajiye al'adar kaka da kakanni, shekara talatin da biyu, na buɗe baki na kira ta da sunanta, ko juyowa ba ta yi ba! Yaran yanzu ke nan."

Yaya Dudu ta miƙa sanda ta taɓa mata ƙafa. "Ke, ubanki wai ya kira ki. Yana jiran tukuici."

Ramatu ta juyo, ta dube ni sama da ƙasa, har da rigar. Ta goge hannu a zane, ba fushi ba murmushi.

"Ta hagu ka tsaya, Baffa. Kunnen nan ranar da ya fashe har zaure na kawo maka shi, lokacin yana ɗan ji. Lauje kake kallo."